Fasinja a Cikin Motata

Har yau in na ji mutum yana tsine wa motarsa, sai in tambaye shi wa yake kai wa gyara. Da yawa sukan ɗauka zolaya ce. Ba zolaya nake ba. Ni na yi kusan shekara guda ina tsine wa mota, na sha dukan sitiyarinta da tafin hannu, akwai ranar da na harbi tayarta a gaban mutane har babban yatsana ya kumbura, alhali ba ta yi mini laifin komai ba.

A lokacin ina aiki a sashen noma a Gwiwa, iyalina suna Kazaure, kullum sai in yi sammako in dawo da yamma. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana gidanmu na gado a Roni, ta ce ba inda za ta je ta bar ɗakinta. Matata kuma 'yar Babura ce, iyayenta fataken hatsi. Ka ga ke nan rayuwata a kan hanya take, ga 'ya'ya shida, ga babur guda ɗaya. In Sallah ta zo za mu je gaida surukai, sai mun rabu kashi biyu: matata da ƙananan su tafi tasha su jira lodi, ni da manyan biyu mu bi su a babur, mu isa a gajiye, sabon ɗinki duk ya yamutse.

Shi ya sa da na tashi sayen mota ban kalli ƙananan nan masu sheƙi ba. Na sayar da shanun huɗata biyu, na haɗa da abin da na daɗe ina ajiyewa, na sayi doguwa, irin mai kujeru layi uku da ƙofar gefe da ake ja. 'Yar Kwatano ce, ruwan toka, da ɗan lotsawa a bayanta ta hagu wanda dillalin ya yi ta ƙoƙarin karewa da babbar rigarsa. Ranar da na shigo da ita unguwa, yarana suka yi ta rigima a kan wa zai zauna a layin baya. 'Yata ta uku, tana aji biyu a firamare a lokacin, ta sa biro ta zana kaza a bayan kujerar tsakiya. Na yi mata faɗa, na goge da kananzir, zanen ya ƙi fita.

Shekara huɗu motar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ba ina nufin ba ta taɓa yin faci ba, ko ba a taɓa canza mata batir ba. Ina nufin ban taɓa murɗa makulli ta ƙi tashi ba, ban taɓa tsayawa a gefen titi ina ɗaga wa mutane hannu ba. Da kaka nakan cire layin baya in loda mata buhunan gero daga Roni, ta hau tudun nan na tsakanin duwatsu ba ko nishi. Ragon layya ya shige ta, ya bar mana warin da ya yi sati biyu. Da damina, in aiki ya kai ni ƙauyukan da ke bayan Gwiwa, inda hanya takan zama kwatami, nakan wuce ƙananan motoci sun kafe, ita ta bi ta gefe ta fice. Matar maƙwabcina a cikinta aka kai ta asibiti haihuwa, sau biyu.

Wani dattijo ne yake duba mini ita, garejinsa a bayan tasha ƙarƙashin wata darbejiya. Mutum ne da ba ya son yawan magana. Zai juye baƙin mai, ya kara kunnensa kusa da injin, ya goge hannu ya ce, "Malam, wannan abincinta kawai za ka riƙa ba ta a kan lokaci. Sai dai kai ka gaji da ita."

A shekara ta biyar ne Yaya ya dawo daga Kano. Ɗan baffana ne, ya ba ni shekara shida. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Baffa ne ya riƙe ni, don haka ɗaki ɗaya muka tashi da Yaya, kwano ɗaya. Shi yake goya ni a keke zuwa firamare. Ya yi shekaru yana gyaran mota a Kano, abin bai yi masa daɗi ba, ya tattaro kayan aikinsa ya buɗe gareji a Kazaure, a bakin hanyar Daura.

Wata Juma'a na je Roni gaida Baffa, bayan mun gaisa ya ce, "Na ji har yanzu bare kake kai wa motarka."

Na ce, "Baffa, mutumin ya san ta ne, tun da na saya yake duba ta."

Ya ce, "Yayanka bai san mota ba ke nan? Naka sai naka. In kai ba ka kai masa ba, wa zai kai masa?"

Inna ma ta ce haka. Ban ko je na yi wa dattijon nan sallama ba, kunya ta hana ni. Da lokacin juye mai ya yi, na wuce garejin Yaya. Ya zagaya motar sau biyu yana shafa jikinta, ya shiga ya ɗana ta har wajen dam ya dawo. Da ya fito ya ce, "Ƙanena, ka yi sa'ar mota. Irin wannan da a hanyar Babura take tana lodi, da tuni ta haifi wata." Na yi dariya, na ji daɗi an yabi abina.

Bayan sati uku ta mutu mini karo na farko, a hanyar Gwiwa da safe. Tana cikin tafiya lafiya lau, na faɗa wani ɗan rami, sai ta shaƙe kamar wanda ruwa ya sarƙe, ta yi shiru. Na murɗa, na murɗa, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Na kira Yaya. Ya zo a babur, ya ce in buɗe gaba in riƙe masa wata waya kada in saki. Shi kuma ya ja ƙofar gefe ya shiga ciki, wai zai duba fis. Can sai ya ce in murɗa. Ta tashi.

Na ce, "Yaya, me ya same ta?"

Ya girgiza kai ya ce, "Tsufa ne ya fara taɓa ta. Motocin nan haka suke, su yi maka ladabi shekara huɗu, rana ɗaya su juya maka baya. Za mu riƙa lallaɓawa."

Daga nan aka buɗe ƙofa. Wata ba ya ƙarewa sai ta mutu sau biyu ko uku. Ta mutu a tsakiyar kasuwar Kazaure, 'yan adaidaita sahu suna ta yi mini oda da baƙar magana. Ta mutu a ƙofar makarantar yarana, har babban ɗana ya ce shi gara ya riƙa tafiya a ƙasa. Ta mutu da ni da shugaban sashenmu a ciki, muna kan hanyar taro, mutumin ya sauka ya tari ɗan acaba bai ko kalle ni ba. Kowane karo Yaya zai zo, ya ba ni abin riƙewa a gaba ko ya ce in je in zauna a inuwa, ya shiga ciki, ta tashi. Aka canza filogi, aka wanke tanki, aka sayo wannan aka sayo wancan. A ƙarshe ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, kuma injin ma ya kusa.

Na tsani motar nan tsana mai tsanani. In na fito da safe na gan ta a ƙofar gida, sai in kau da kai. Na daina wanke ta. Na daina kunna rediyo in ina tuƙi, kunnena yana kan injin, kowane rami in ɗauke numfashi. In na dawo gida da ɓacin ranta, yara ne suke sha. Matata ta taɓa ce mini, "Malam, ka mayar da ita wajen tsohon nan mana ya gani." Na daka mata tsawa, na ce so take Baffa ya ji na raina ɗansa? Wannan tsawar tana cikin abubuwan da har yau nake jin kunyarsu.

Ana cikin haka ciwon ƙafar Inna ya tsananta, gwiwoyinta suka kumbura, ba ta iya lanƙwasa su. Aka ba mu ranar ganin likitan ƙashi a Kano, bayan mun yi wata biyu muna jira. Ana gobe za mu tafi na kai wa Yaya motar, na ce, "Yaya, don Allah ka duba ta da kyau. Inna zan kai asibiti."

Ya ce, "Haba, Inna ai uwata ce. Ka bar ta ka dawo da la'asar."

Washegari da sassafe na ɗauko Inna daga Roni, ni da matata muka kwantar da kujerar tsakiya muka miƙe mata ƙafafu a kan filo. Mun wuce Kazaure, ba mu kai Ɗambatta ba, motar ta shaƙe ta mutu.

Bazara ce. Kafin hantsi ya ɗaga cikin motar ya zama tanda. Na kira Yaya ya ce ga shi nan tafe. Motocin haya suna wucewa cike maƙil, kuma ko da akwai wuri, ba yadda Inna za ta zauna a matse da waɗannan ƙafafun. Muka tallabo ta muka sauke ta ƙarƙashin wata ɗorawa, matata ta shimfiɗa mata zani a ƙasa. Na sake kira, ya ce ya taso. Na sake kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Can Inna ta kira matata ta raɗa mata magana a kunne. Na gane abin da take so, na juya baya na yi nisa. Da na waiwaya sai na hango matata ta ware mayafinta da hannu biyu tana kare ta daga idon masu wucewa. Tsohuwar da ko muryarta maƙwabta ba su cika ji ba, ga ta a gefen titin Kano, manyan motoci suna wucewa suna kaɗa mayafin.

A nan ne na harbi tayar.

Sai bayan azahar Yaya ya iso, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba. Ya ce babur ɗinsa ne ya yi faci. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya shiga motar, ta tashi. Da muka isa asibiti likita ya tashi, aka sake ba mu wata rana, sati shida gaba.

A satin nan na ce wa Yaya ya nemo mini mai saye, ko nawa ne. Ya yi kamar yana hana ni, ya ce in ƙara haƙuri. Bayan kwana huɗu ya zo da wani Alhaji, ya ce daga wajen Babura yake, yana sayen matattun motoci ya farfasa ya sayar da kayan. Alhajin bai ko buɗe gaba ba. Ya taya abin da bai kai rabin darajarta ba, Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Karɓi, ƙanena. In injin ya buga gobe, ko wannan ba za ka samu ba." Na karɓa, har da yi masa godiya, har da ba shi na goro. Da aka ja ta aka tafi yarana ƙanana suka yi kuka, ni kuwa ji na yi an sauke mini dutse daga ka.

Na koma kan babur. Bayan kamar wata uku, ina wucewa ta tasha, na gan ta a layin motocin Babura, an ɗaura mata ƙarfen kaya a sama. Lotsawar nan ta baya na gani na shaida ta. Na ce a raina ashe Alhajin bai farfasa ta ba, ya sa mata wani injin ke nan. Allah ya jiƙan fasinjan da za ta zubar a daji. Wata shida, tana nan. Shekara, tana nan. Nakan gamu da ita a hanya, ta sha lodi har bayanta ya zauna, ta wuce ni fuu. In muna tare da matata sai ta ce, "Ga motarka can." In yi kamar ban ji ba.

Sai Allah ya yi wa surukina rasuwa. Matata da yara suka riga ni tafiya, ni kuma ranar sadakar uku babur ɗina yana wajen gyara, na je tasha. Motar da ke kan layi ita ce. Na tsaya ina shawarar in jira ta bayanta, ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya, ta bayan kuwa sai Allah ya yi. Na shiga. Wurin da ya rage a layin baya ne, can ƙurya, mu huɗu a kujerar da yarana uku suke zama. Gwiwata tana dungurin bayan kujerar tsakiya, ga kazar nan ta biro tana kallona, ta ɗan koɗe.

Direban magidanci ne mai fara'a da surutu, bai san ni ba. Muka kama hanya. Na kasa kunne kamar yadda na saba, na ji ƙarar injin, kuma na san ta kamar yadda na san tarin 'ya'yana. Ba a canza shi ba. Muka faɗa rami, na riƙe numfashi, ba abin da ya faru.

Wani ɗan kasuwa a gaba, da ke ta lissafin canjin sefa da na kusa da shi, ya ce, "Direba, motar nan taka akwai lafiya."

Direban ya daki sitiyari ya ce, "Alhaji, wannan ai ba mota ba ce, jaka ce. Shekara ɗaya da wani abu ina jan ta, Kazaure Babura sau biyu a rana, ban taɓa kwana a hanya ba. Kuma ka san a banza maigidana ya same ta?"

"Kamar yaya?"

"Makanike ne, garejinsa na bakin hanyar Daura. A hannunsa take tun tana wajen mai ita na farko. Wai mutuwa take yi masa a hanya. Ashe wata 'yar soket ce ta famfon mai, nan ƙarƙashin kujerar tsakiya, in ta yi sako-sako mai ya daina zuwa. Ranar da aka saye ta, kafin la'asar maigida ya ɗaure ta, shi ke nan. Shi kuwa mai ita, ka san 'yan boko, in ta mutu sai ya fito ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon inji kamar mai karanta jarida."

Motar ta kwashe da dariya. Wanda ke kusa da ni har da dukan cinyata.

Na daure na ce, "Direba, na ji an ce wani Alhaji ne na wajen Babura ya saye ta."

Ya ce, "A'a, wannan abokin maigida ne, fuskarsa kawai aka ara. Ka san in mai abu ya ga kana so, sai ya tsauwala."

Haka muka isa Babura. Na biya kuɗin mota kamar kowa. A wajen zaman makoki mutane suka yi ta ba ni haƙuri, suna cewa lallai mutuwar surukin nan ta taɓa shi, don sun ga idona ya kaɗa ya yi ja.

Da na dawo Kazaure, wajen dattijon nan na bayan tasha na fara zuwa, wanda na bari ba sallama. Ya karɓe ni kamar jiya muka rabu. Na kwashe labari na gaya masa. Ya shiga rumfarsa ya fito da wata tsohuwar soket irin ta, ya nuna mini wani ɗan harshe na roba a jikinta. Ya ce, "Ka ga wannan? In ya shiga ya kama, sai an sa abu an danne shi take fita."

Na ce, "Baba, ke nan da gangan aka yi?"

Ya ce, "Ban ce wani ya yi ba, ban gani ba. Na ce dai ba ta saki da kanta."

Daga nan na wuce garejin Yaya. Na same shi yana cin rogo da ƙuli a kan benci. Ya washe baki ya ce, "Ƙanena, ya ƙarin haƙuri? Bismillah."

Ban zauna ba. Na ce, "Yaya, a motarka na je Babura."

Hannunsa ya tsaya a cikin ledar. Ya ce, "Wace motata?"

"Wadda abokinka ya saya maka."

Ya ajiye ledar, ya goge hannu a wando a hankali. Ya ce ai dama yana neman lokacin da zai gaya mini. Wai bayan Alhajin ya saya ne ya ga ba zai iya da ita ba, shi kuma ya karɓa don kada ta fita daga dangi. Wai daga baya ne Allah ya nuna masa matsalar.

Na ce, "Direbanka ya ce ranar da aka saya ka gyara ta, kafin la'asar."

"Direba ai surutu ne da shi."

"Duk ranar da ta mutu, ni kana ba ni waya in riƙe a gaba, kai kana shiga ciki. Me kake taɓawa a cikin?"

Ya ce, "Yanzu ni kake tuhuma? Ni da na goya ka a keke?"

Na ce, "Ban damu da motar ba, Yaya. Na zo na same ka na ce Inna zan kai asibiti. Ka ce uwarka ce. Ka san awa nawa ta yi a ƙasa a gefen titi? Ka san abin da ya kama ta a wurin?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce da sauri, "Wallahi ranar na matse soket ɗin sosai, ban san yadda aka yi ta..."

Sai ya datse maganar. Muka tsaya muna kallon juna, wata babbar mota ta wuce ta girgiza kwanon rumfar. Ya buɗe baki zai gyara maganar, na juya na hau babur ɗina.

Kafin sati ya zagayo Baffa ya aiko kirana. Na same su a zaure, shi a kan buzu, Yaya a gefe ya sunkuyar da kai. Baffa ya saurari kowa. Yaya ya maimaita labarinsa na farko, ya ce maganar da na ce ya yi a gareji ban fahimce ta ba ne. Baffa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce Yaya bai kyauta ba da ya ɓoye cewa shi ne mai saye. Iyakar laifin da ya gani ke nan. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya sa maka wuƙa ya ce ka sayar? Da kanka ka je ka ce a nemo mai saye." Ya yanke cewa duk ranar da iyalina suke da buƙata, a ba su motar kyauta. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, mu tashi mu yi musabaha.

Mutumin nan shi ya ciyar da ni, shi ya yi mini aure. Ban iya ɗaga ido na kalle shi ba. Na ce, "To, Baffa." Na miƙa wa Yaya hannu. Amma tun daga ranar ban ƙara cin abincin gidansa ba, ban ƙara taka garejinsa ba, kuma ban taɓa aikawa a ba ni motar ba.

Na shiga wajen Inna, ashe labari ya riga ni. Ta ce, "Ni da na zauna a ƙasan na yafe. Kai mene ne naka?"

Na ce, "Inna, ke kika zauna, ni na gani."

Ta ce in ji tsoron Allah, zumunci ba abin wasa ba ne. Na ce to. Ta rayu shekara biyu bayan haka, kuma har ta koma ga Allah, duk zuwan da zan yi sai ta tambaye ni ko na leƙa yayana. Ina ce mata muna gaisawa. Ba ƙarya na yi ba, in mun haɗu a jana'iza ko suna muna gaisawa.

Mutane sun yi ta cewa in bar shi da Allah, zai ga sakayya. Ni dai ban ga komai ba. Motar ta ci gaba da lodi, ya sayi ta biyu, ya yi wa gidansa bene. Ana kiransa Alhaji yanzu, a masallacin unguwarsu sahun gaba yake.

Bara aka ɗaura auren babbar 'yata, za a kai ta Babura. Da hantsi ina tsaye a ƙofar gida ina neman motocin da za su kwashi mata, sai ga ta ta shawo kwana, an wanke ta tas, an cire ƙarfen kaya. Direban nan ne dai mai surutu, yanzu ya san ko ni waye, ya kasa haɗa ido da ni. Ya durƙusa ya ce maigida ya ce a kawo, an cika tanki, ta yini a hannunmu.

Na ce, "Koma da ita. Ka ce na gode."

Matata tana bayan ƙyaure ashe tana ji. Ta leƙo ta ce, "Malam, rigimarku taku ce. Ni 'yata zan kai ɗakinta, kuma ga gwaggonninta tsofaffi ba za su hau acaba ba." Ta yafito matan da hannu. Shekara da shekaru da suka wuce na daka mata tsawa a kan motar nan ina kan kuskure, don haka na ja bakina na yi shiru. Ina tsaye suka shiga su goma sha ɗaya da kwanuka da ƙullin kaya, aka ja ƙofa ta rufe. Murɗa ɗaya ta tashi.

Washegari Yaya ya zo cikin masu yi mini murna, da babbar riga da sabuwar hula. Ya miƙo hannu biyu ya ce, "Ƙanena, Allah ya sanya alheri, Allah ya ba su zaman lafiya." Surukaina suna zaune suna kallo. Na ba shi hannu, na ce amin, na juya ga na bayansa.